Daren da Na Tsallakar da Kwaɗi Titi a Ingila

Da wani ne ya kawo mini wannan labari a majalisar ƙofar gidanmu, da na ce masa ya rage gishiri. To amma ni aka miƙa wa bokitin, da hannuna kuma na kama kwaɗon, saboda haka mai karatu sai ka gyara zama.

A farkon watan Maris na sauka Ingila, wajen ɗan yayata da ke karatu a wani gari da ake rubutawa Reading amma a faɗa Redin, yamma da Landan, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa mai sauri. Sanyin da ya tarbe ni ba irin hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, ya fasa leɓe ya tsage dunduniya, amma da hantsi ya ɗaga sai ya sake ka. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga uku ya je ya kwanta a ƙashi. Ga wani yayyafi da ba ya zuba kuma ba ya ɗaukewa, kamar yadda mai guga ke fesa wa babbar riga ruwa da baki. Kwana uku cur ban ga rana da idona ba, sai da agogo nake gane azahar ta yi. Itatuwa duk tsirara, babu ganye ko ɗaya, har na tambayi yaron ko gobara aka yi.

A kwana na biyar, bayan mun idar da magariba, sai ya ce, "Kawu, maƙwabciyarmu ta ce ko za mu raka ta aikin kwaɗi. Yau an yi ruwa, sanyi kuma ya ɗan sassauta, za su fito da yawa."

Ni mutumin fadamar Haɗeja ne, na san ana kama burduddugi a busar, a ɗura a buhu a kai Kudu, ana kuma samun kuɗi. Na ce, "Ashe su ma suna ci? Nawa ake sayar da buhu?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "A'a Kawu, ba ci ake yi ba. Titi ake tsallakar da su."

Maƙwabciyar tsohuwa ce ta haura saba'in, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kanta fari fat. Yaron nan sunanta yake kira gatsau, kamar sa'arsa, ita ma ko a jikinta. Ni bakina ya kasa, Iya nake ce mata, da aka fassara mata kuwa ta ji daɗi. Ita ta tuƙa mu da kanta cikin duhu da yayyafi har bayan wani gari mai suna Henley, a bakin kogin Tems, kan hanyar da ta nufi Marlow. Kafin mu tsaya fitilar mota ta haska wani allon gargaɗi mai kusurwa uku da jan baki, irin wanda a wajenmu ake zana kwana ko 'yan makaranta a ciki. A cikin wannan, kwaɗo ne zaune, hukuma ta zana shi da kuɗin haraji.

Mun tarar da mutane sun fi goma, kowa da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, da tocila, da bokiti. Akwai dattawa, akwai wata mata da ɗanta ɗan firamare, akwai wani da aka ce mini lauya ne, daga ofis ya wuto. A gefen kurmin da ke bakin titi an ja wani ɗan shinge na leda, tsayinsa bai kai gwiwa ba. Kwaɗin na fitowa daga kurmi su ci karo da shi, su yi ta bin gindinsa suna neman hanya, mu kuma mu bi da tocila muna tsinta. Na sunkuya na ɗauki na farko. Sanyi ƙalau, fatarsa duk ƙuraje, idanunsa jajaye kamar gaushi, bai ko yi yunƙurin gudu ba. Ba sa tsalle irin namu, tafiya suke yi ɗaya-ɗaya kamar tsoho mai ciwon gwiwa, shi ya sa mota ke gamawa da su. Kukansu ma abin tausayi ne. Ka san yadda kwaɗin kududdufi ke hana unguwa barci a tsakiyar damina? Waɗannan ɗan tsiyi-tsiyi kawai namijin ke yi a cikin bokiti, kamar ɗan tsakon da uwarsa ta ɓace masa.

Iya ta yi mini bayani muna tafe. Kwaɗin nan a kurmi suke kwana duk tsawon sanyi, ƙarƙashin ganye da kututture. Da bazararsu ta matso sai su tashi gaba ɗaya su nufi tafkin da aka ƙyanƙyashe su, nan za su zuba ƙwai, ba sa yarda da wani tafkin. Kakanninsu na bin wannan hanya tun babu titi, ɗan Adam ne ya zo ya shimfiɗa kwalta a tsakani. Na haska wani babba na ga ƙarami maƙale a bayansa, na ce uwa ce da ɗanta. Iya ta ce a'a, mijin ne, shi ne ƙaramin, ya ɗare bayan matar ita za ta kai shi har bakin ruwa. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce maza ko'ina halinsu ɗaya. Ban ce komai ba, ni baƙo ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lissafin. Kafin a juye bokiti a wancan gefen sai an ƙirga: maza nawa, mata nawa, masu goyo nawa, waɗanda mota ta take nawa. Wani na riƙe da takarda cikin leda yana rubutawa. Daren duniya haka ake yi har lokacin ya wuce, a tara a aika wa wata ƙungiya mai suna Froglife da ke riƙe da rajistar irin waɗannan mashigai a faɗin ƙasar. Da wannan ƙidaya ta 'yan sa kai aka gano a 2016 cewa cikin shekara talatin kwaɗin ƙasar sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A kusa da birnin Bath ma akwai wata hanya, Charlcombe Lane, da tun 2003 ake rufe ta mako shida kowace shekara saboda kwaɗi su wuce. Mu sarki ko gwamna ake rufe wa hanya, ko mai ɗaurin auren da ya fi ƙarfin unguwa.

Na tambayi lauyan nan nawa ake biyansu. Ya ce ko kwabo. Man motarsa ma shi ya zuba.

Washegari da safe na fita bayan gida in miƙe ƙafa, sai na ga rami a gindin katangar katakon da ta raba mu da gidan Iya, an yanka shi murabba'i tsaf. Na ce wa yaron ya toshe kafin gafiya ta samu hanya. Ya ce in ya toshe, Iya ba za ta ƙara gaishe shi ba. Ƙofar bushiya ce. Santimita 13 faɗi, 13 tsayi, awon da aka yarda da shi ke nan, don bushiya ta wuce amma kare ya kasa. Bushiya na yawon fiye da kilomita guda a dare tana neman ƙwari, to kowa ya killace gidansa, ta rasa hanya, ga mota, ga maganin feshi a gonaki. Tun 2011 wasu ƙungiyoyi biyu suka fara roƙon maƙwabta su huda katangunsu, gida ya haɗu da gida har layi guda ya zama hanyarta. Iya na ajiye mata ruwa a faranti da abincin kyanwa, ta kuma gargaɗe ni kada in ba ta madara, tana ɓata mata ciki. Ta kafa wata 'yar kyamara da ke farkawa da kanta in abu ya gifta cikin dare, da safe ta buɗe waya ta nuna mini baƙuwar tana cin abinci ƙarfe biyun dare, fuskar Iya kamar wadda aka nuna wa jika. Har asibitin namun daji gare su, akwai wani sananne mai suna Tiggywinkles, inda ake ɗaure wa bushiya karaya. Na tuna yadda muna yara muke mirgina ta da sanda mu jefa ta ruwa don ta buɗe. Wannan ban faɗa wa Iya ba.

Sai kuma shirwa. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san abin da ke tsakaninmu da ita. In inuwarta ta gifta tsakar gida, kaza ta yi ƙara, yara su fito da ihu da jifa. A Redin ka ɗaga kai kowane lokaci sai ka ga biyar, shida, suna shawagi a kan rufin gidaje. Ta fi tamu girma da ja, wutsiyarta kuma ta fi tsagewa, amma jewar ɗaya ce, kukan ma kusan ɗaya. Wata rana da la'asar na ga wani mutum a gidan da ke bayanmu ya fito da faranti ya watsa gutsattsarin naman kaza a kan ciyawa. Kafin ya koma ciki sun sauko kamar an harbo su, ko ƙasa ba sa taɓawa, su sura su tashi. Naman kaza, wanda ya saya da kuɗinsa, yake ba shirwa! Na tsaya a taga ina salati.

Da na bi ba'asi sai na tarar su ma sun taɓa zama irinmu, har sun fi mu. A ƙarni na 16 doka suka yi ta biyan lada ga duk wanda ya kawo kan shirwa. Aka bi ta da tarko da guba, daga baya da bindiga, har kafin ƙarshen ƙarni na 19 babu ko ɗaya a Ingila, sai 'yan tsiraru da suka maƙale a tsaunukan Wales. A 1990 aka je Sifaniya aka ɗauko 'ya'yan shirwa a jirgin sama, aka sake su a tuddan Chiltern, nan arewa da Redin, aka ci gaba da ƙarowa 'yan shekaru. Jikokinsu ne suka cika sama yanzu. Abin ya juya har a 2022 Ingila ta fara mayar wa Sifaniya biki, tana aika mata 'ya'yan shirwa saboda nata sun ragu a kudu. Masana dai ba su cika son wannan ciyarwa ta tsakar gida ba, sun ce tana sa ta raina mutane har ta fizge abinci a hannun yara. Wannan kam da sun tambaye mu da mun gaya musu tuntuni.

Ranar wata Lahadi Iya ta haɗa ni da masu aikin gayya a wani ɗan kurmi da ke gefen unguwar Caversham, ana ce masa Clayfield Copse. Gandu ne da aka keɓe, amma kada ka ɗauka Yankari ne ko Falgore. Akwai manomin da gonarsa shi kaɗai ta fi shi girma a wajenmu. Gidaje sun kusa kewaye shi, kana ciki kana jin motoci. Wata doka ta 1949 ce ta ba ƙananan hukumomi ikon su keɓe irin waɗannan wurare su ce nan na tsuntsu ne da ƙwaro da fure, kuma a Ingila kaɗai sun haura dubu. Hukuma ke da ƙasar, amma yawancin aikin mutanen unguwa ne ke yi, suna kiran kansu abokan kurmi kaza. Ba mai gadi, ba shinge mai tsawo, sai wata 'yar ƙofa mai lilo da mutum ɗaya kawai ke iya bi. Masu yawo da karnuka na wucewa, kowa da 'yar leda a aljihu, in karen ya yi kashi mai shi ya sunkuya ya kwashe. Na kawar da kai.

Aka ba ni zarto da safar hannu, aka nuna mini wasu itatuwa sirara masu fitowa cunkus daga gindi ɗaya, aka ce in sare su daga ƙasa. Na ce ikon Allah, masu kare daji ne ke sa ni sara? Wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya ce wannan icen in an sare shi a gindi tohowa yake yi da ƙarfi, kafin nan kuma rana ta samu hanyar taɓa ƙasa, furanni su fito, malam-buɗe-littafi ya zo, tsuntsu ya biyo shi. Bana a sare wannan yanki, baɗi wancan, a zagayo bayan shekaru. Nan take na tuna da sassaben zamani da manoman Maraɗi ke yi, inda ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a rene shi. Na gaya masa, ya ajiye zartonsa ya saurara da kyau.

Abin da ya kusa sa ni kuka shi ne itacen. Mun tara busassun rassa da gumagumai jibgi guda, irin wanda a Kano ko Gashuwa zai dafa wa gida abincin wata biyu. Ina jiran a kawo mota, sai na ga kowa na tattara kayan aikinsa. Nan za a bar shi ya ruɓe. Wai gidan ƙwari ne da naman kaza da kwaɗi da bushiya. Na kalli itacen na kalli dattijon, na ce a ƙasarmu mace kan yi tafiyar rabin yini kafin ta samu ɗaurin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ya yi shiru, sannan ya ce su da gas suke girki, barin itacen bai rage su da komai ba. Na ji daɗin wannan gaskiya tasa.

Aka buɗe fulas aka zuba shayi. Shayinsu baƙi ne mai ɗaci, a tsiyaya masa madara mai sanyi, sukari kuwa sai ka roƙa, ba citta ba kanumfari. Aka yanka wani kek mai ɗanɗanon lemon tsami da wata ta gasa a gida, shi kam ya yi daɗi, na ci biyu. Muna tsaye cikin taɓo, tururi na fita daga bakin kowa kamar masu shan taba, sai na yi tambayar da ke cina tun daren kwaɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina manyan namun dajin naku? Duk wannan hidima a kan kwaɗo da bushiya?"

Ya ce, "Mun gama da su." Kyarkeci na ƙarshe a Ingila an kashe shi shekara wajen ɗari biyar da suka wuce. Cikin 'yan abin da ya rage mai farauta da ɗan girma akwai yanyawa, ita ma a kwandon shara take kiwo, na gan ta da idona cikin dare tana tafe a titi kamar karen unguwa. Filayen ciyawa masu furanni da suke da su a shekarun 1930, kashi 97 cikin ɗari an nome su ko an gine. Ya ce kada in ɗauka su mutanen kirki ne da suka fi kowa tausayin dabba. Mutane ne da suka farka bayan ɓarawo ya fita, suna gadin abin da ya zubar a bakin ƙofa.

Wannan magana ta canza mini kallon komai. Da farko na ɗauka ƙoshi ne kawai, wanda cikinsa ya cika shi ke da lokacin kwaɗo. Akwai wannan, ba na musu. Amma ba jiya suka fara ba, ba kuma gwamnati ce ta fara ba. Babbar ƙungiyarsu ta kare tsuntsaye, RSPB, mai mambobi fiye da miliyan guda masu biyan kuɗi daga aljihunsu, wata mata ce Emily Williamson ta kafa ta a gidanta a Manchester a 1889, saboda haushin yadda ake kashe tsuntsaye don matan masu kuɗi su soka gashinsu a hula. Mambobin farko duk mata ne, sai da suka shekara fiye da talatin suna fama kafin majalisa ta hana shigo da gashin a 1921. Gashin jimina na cikin abin da suka yafe, wanda a da fatakenmu ke kaiwa Tarabulus ta hamada.

A tsakiyar Afrilu ƙasar ta sake kamanni. Itatuwan da na zata sun ƙone suka yi ganye shar, ƙasan kurmin nan ya rufe da wani fure shuɗi kamar an baza shuni, rana kuma ta ƙi faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. A lokacin ne muka je Landan, wani wuri a unguwar Barnes da kogin Tems ya yi gwiwa. Da can manyan tafkunan ajiye ruwan famfo ne guda huɗu na zamanin Sarauniya Victoria. Da aka daina amfani da su sai aka farfasa su aka mayar da wurin fadama da gangan, hekta kamar 42, aka buɗe a 2000. Ƙungiyar da ke riƙe da shi wani mai suna Peter Scott ne ya kafa ta a 1946, mutum-mutuminsa na nan a bakin ƙofa. Kuɗin shiga da na juya shi zuwa naira sai da na sake salati. Fadama ce sosai, da ruwa da laka da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa irin na gida, sai dai in ka ɗaga ido ka ga benaye, jiragen sama kuma na bin juna a kanka za su sauka Heathrow. A bakin wani tafki na ga tsohuwar abokiyar gaba, kacalla, 'yar uwar wadda ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru ta zama masaukin jan baki. Nan tana tsaye an yi mata allo da suna.

Akwai ɗakunan katako da aka gina a bakin ruwa, masu 'yan tagogi sirara, inda mutum zai leƙi tsuntsu ba tare da tsuntsun ya gan shi ba. Na shiga na yi sallama da ƙarfi yadda aka koya mini a gida, sai kawuna takwas suka juyo gaba ɗaya. Ko a masallaci ana huɗuba ban taɓa jin shiru irin na ɗakin nan ba. Manya-manyan mutane zaune a benci, kowa da madubin hangen nesa, wasu da kyamara mai hanci kamar turmi, ana raɗa. Ɗan yayata ya ɗaga wayarsa, wata manhaja mai suna Merlin ta saurari kukan da ke tashi daga ciyawa ta rubuto sunan tsuntsun. Wani ya matso ya nuna mini hoto a kyamararsa cikin alfahari, ya ce tafiyar awa biyu ya yi a mota don ya ɗauke shi. Na duba. Balbela ce. Balbelar da ke bin shanun Fulani, wadda ko yaro mai gwafa ba ya ɓata dutse a kanta. Sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a ƙasarsu. Na ce masa a garinmu akwai bishiyar da in magariba ta yi ba a ganin ganyenta saboda su. Ya dube ni kamar na ce ina da rijiyar mai a tsakar gida.

Wata mata da ke aikin sa kai a wurin ta ja ni ta nuna mini wani bango da aka gina a bakin ruwa, an huhhuda shi da ramuka jere. Wasu 'yan tsattsewa masu launin ƙasa, cikinsu fari, suna shiga suna fita. A gaɓar kogi mai yashi suke haƙa gida, to gaɓar ta yi ƙaranci, shi ne aka gina musu. Ta tambaye ni daga ina nake, na ce arewacin Nijeriya, bakin hamada. Ta dafa ƙirji ta ce, "To ai baƙinku ne." Nauyin ɗaya bai wuce giram 14 ba, kamar goro matsakaici, amma kowace shekara sai ya ƙetare teku da Sahara, ya yi rani a wajenmu, ya komo a Maris. Na Ingila sun fi sauka Senegal da fadamun Mali, 'yan uwansu na sauran Turai kuwa har tafkin Chadi da fadamarmu. Ta ce a 1969 masu ƙidaya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da ya cika kowane shinge a ƙasar, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Aka yi ta neman dalili a gida ba a samu ba. Daga baya aka gane damina ce ta ƙi a Sahel a 1968. A 1984 ma haka ta faru da 'yan tsattsewan nan.

Jikina ya yi sanyi. Ni na ga farin 1973 ina yaro, na ga shanun mahaifina suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, na kuma ga na 1984 da hankalina. Ban taɓa sanin cewa a wata ƙasa mai nisa akwai mutanen da suka rubuta wannan masifa tamu a littafi ta hanyar tsuntsun da bai dawo ba. Na ba ta labarin Dagona, kusa da Gashuwa, inda agwagin ruwa na Turai ke sauka dubbai da rani, inda mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya zo da kansa a 1989. Na gaya mata yadda ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu bayan an gina madatsar Tiga da ta Challawa. Ta san sunan Haɗeja da Nguru, ta karanta a mujallar ƙungiyarsu, ta ce burinta ta gani kafin ta mutu. Mu kuma da muke kwana a bakinta, yawancinmu ba mu san sunanta ya kai can ba.

Don kada ta ɗauka mu ba mu da namu, na ba ta labarin shamuwa, mai zuwa da albishirin damina, wadda ke sheƙa a bishiyar tsakiyar gari ba mai jifanta, ba don wata doka ta hukuma ba, sai don haka muka taras. Na gaya mata yadda a Argungu ake hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, kowa kuma ya kiyaye. Ta ji daɗi ƙwarai. Sannan ta yi mini tambaya. Ta ce ta ji ungulun Afirka ta Yamma na ƙarewa, har a 2015 an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin halaka, saboda guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu. Ta ce, "A mahautar garinku nawa suka rage? Shekara goma da suka wuce kuma nawa ne?"

Na buɗe baki na rufe. Na san muna yara ungulu ta fi mahauta yawa a mahauta, sai an kore ta da ƙafa. Na san an daɗe ban lura da ita ba. Amma yaushe ta fara raguwa, a wace shekara, daga nawa zuwa nawa, ban sani ba, kuma ban san wanda ya rubuta ba. Tsohuwar da ta kai ni Henley za ta iya gaya maka kwaɗi nawa ta tsallakar ranar kaza ga Maris shekaru da suka wuce.

Da na dawo gida, ranar kasuwa ta farko na sammaka mahauta da ɗan littafi a aljihu. Na tsaya awa guda daga fara yanka. Na ga hankaki bakwai da shirwa uku, balbela kuwa na gaji da ƙirgawa. Ungulu ban ga ko ɗaya ba. Na tambayi wani tsohon mahauci, ya daina fiɗa ya ɗaga kai sama ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi Malam, sai da ka faɗa." Na rubuta kwanan wata, na sa sifiri a gabansa. Mai karatu, in har akwai ta a mahautar garinku, ka je ka ƙirga, ka rubuta da ranar.